Jan Layi a Wuyan Mutanen Ɗiyata

Shekara biyu ke nan ina karanta littattafan yara, ni da furfura ta cinye wa gemu. Jikokina ne ke barin su idan sun zo hutu daga Gusau, irin masu zanen nan da ake sa maganar mutum cikin da'ira a saman kansa. Yawancinsu da Turanci suke, ni kuwa Turancina na aji bakwai ne, sauran a jikin kwalayen kayan gyara na tsince shi. Nakan zauna a ƙofar shagona a nan Ƙaura bayan la'asar, tabarau a hanci, ina bin hoto da yatsa. Kalmar da ta gagare ni in tsallake ta.

Akwai wani dillalin shanu da ke cin kasuwar Moriki, abokin wasana ne, kullum sai ya leƙo ya ce, "Tsoho, yau wa ya yi nasara, dodon ko yaron?" In ce masa ya tafi ya ƙirga haƙoran saniya. Wani lokaci kuma ya ja benci ya zauna, ya ce in ba shi labarin, wai yana so ya ji iyakar lalacewata. Har ya taɓa tambayata wanne zai saya wa autarsa.

Abin da na ce masa shi zan faɗa wa kowa. Masu takubba da sarakuna da macizai masu fiffike da ke aman wuta, zanensu na da kyau, amma suna ba ni haushi. Runduna ta yi wata uku tana tafiya, ban ga wanda ya ɗauko buhun gero ba. A ƙone gari a shafi ɗaya, a shafi na gaba jarumi na dariya, babu mai tambayar ina mutanen garin suka kwana. Mu da muka ga mutanen ƙauyukan Zurmi sun shigo Ƙaura da tabarmi da tukwane a ka, wannan ba ya shigar mu. Masu jiragen da ke yawo tsakanin taurari sun fi kusa da zuciyata, domin shekara arba'in na yi ina gyaran injin niƙa, amma su ma yawancinsu ƙarya suke yi wa ƙarfe. Inji ya yi tafiyar shekara ɗari bai taɓa neman giris ba, hannun direba fes. Guda ɗaya na samu da na yarda da shi, na wata mace ita kaɗai a jirgi, bututun ruwanta ya tsage, ta yagi rigarta ta ɗaure shi, ɗaurin kuma ya riƙa ɗiga har ƙarshen littafin. Irin wannan nake cewa a saya, wanda mai zanensa ya san abu na lalacewa.

Ba don nishaɗi nake wannan karatun ba. Wanda ya fi su duka ba a buga shi ba, yana cikin akwatina, kuma ni na ɓata shi.

Ɗiyata ta fari, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, tana aji biyu na sakandare lokacin. Wata Laraba ina neman takardar da zan rubuta kayan da zan sayo a kasuwar Shinkafi washegari, sai na ci karo da littattafan rubutu guda huɗu a ƙarƙashin katifarta, cike da zanen fensir. Labarin wani gari ne da ruwan sama ya ƙi sauka shekara uku. Wani makaniki ya tara gawarwakin injinan niƙa da ƙafafun tsohon taragon jirgin ƙasa, ya haɗa wani inji da zai hau da shi sama ya tatso gajimare. Makanikin na da tabo a babban yatsa, kuma hularsa a karkace take. Na dubi yatsana. A shafin ƙarshe na littafi na huɗu ya isa cikin gajimaren, bel ɗin injin ya tsinke, yana riƙe da guntunsa. Nan ta tsaya.

A cikin makon kuwa na ji wa'azi a masallaci cewa wanda ya zana abu mai rai, ranar gobe za a ce ya hura masa rai. Tsoro ya kama ni saboda ita. A Shinkafi na faɗa wa wani mai walda da muke hulɗa, ya ce ai abin da sauƙi, in aka ja layi a wuyan hoto ya raba kai da jiki, ya tashi daga zama cikakkiyar sura. Haka yake yi wa hotunan kalandarsa. Ban je na tambayi wani malami ba, ban kuma kira yarinyar na zauna da ita ba. Jan biro na saya a bakin tasha.

Yamma biyu na yi ina aikin, tana Islamiyya. Na bi shafi shafi, na yanka makanikin, na yanka matarsa, na yanka mai unguwa da jakin mai ruwa da kajin da ke kiwo a gefen hoto. Akwai shafin da ta zana taron masu roƙon ruwa, kawuna ƙanana kamar ƙwayar dawa, na bi su ɗaya ɗaya. Ina yi ina jin daɗin kaina, ina cewa wani uban da wuta zai cinna musu, ni kuwa na cece ta kuma na bar mata kayanta.

Da ta dawo na miƙa mata, na yi mata bayani. Ta buɗe, ta juya shafi kamar goma, ta rufe. Ta ce, "Na gode, Baba." Mahaifiyarta, Allah ya jiƙan ta, tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, da ƙone su ka yi da ya fi." Na yi mata faɗa har maƙwabta suka ji. Daga ranar ban sake ganin fensir a hannun yarinyar ba sai na lissafi.

Yanzu tana aikin ba da magani a wani asibiti a Gusau, tana da 'ya'ya uku. Ba ta taɓa saɓa mini ba. Tana kira duk Juma'a, kuma kullum maganar ɗaya ce: na sha ƙwayar hawan jini, na rage gishiri. Bayan rasuwar mahaifiyarta na ga littattafan huɗu a ƙasan akwatin marigayiyar, naɗe cikin tsohon zani. Na gwada gyara. Reza ta huda takardar. Ruwan bilic na cire tabon tufafi ya cinye jan layin tare da fuskar mai unguwa. Farin ruwan goge kuskure kuwa ya sa mutanen suka zama kamar an naɗa musu bandeji a wuya. Shafi uku na lalata kafin na haƙura. Ni da nake tayar da injin da ya shekara biyar a kwance, layin biro ya gagare ni. Daga nan na fara karanta na jikokin, ina so in san yadda ake magana a kan irin wannan abu kafin in tare ta da shi.

Da Sallar da ta wuce ta zo. Bayan an ci abincin rana yara sun fita, na ajiye mata littattafan a kan tabarma.

"Baba, mi ne ne wannan kuma?"

"Naki ne, Uwata. Na yi kuskure, ki yafe mini. Ina so ki ƙarasa shi."

Ta ɗauki na farko, ta ga farin ruwan, ta yi ɗan murmushi. "Har asibiti ka kai su."

Na ce maganar halal da haram ta fi ƙarfin karatuna, har yau ban san iyakarta ba, amma na san ba haka ya kamata in yi ba.

Ta ce, "Na yafe tun tuni. Kuma ba layin ne ya tsayar da ni ba, ni ma na ji wa'azin, na yi ta tunaninsa. Abin da ya dame ni, ka bi kowane shafi har ka gano wuyan kaza. Ke nan ka karanta duka. Na zauna ina jira ka ce wani abu a kan labarin, ko da mummuna ne. Kwana da kwanaki ina jira."

Sai na buɗe shafin ƙarshe na nuna mata, na ce bel ba ya tsinkewa haka kawai, ta dubi yadda ta zana ƙafafun da yake zagayawa, ɗaya ta kauce daga layin ɗayar, shi ya sa ya ci gefe. Na ce duk littattafan da 'ya'yanta suka bari babu wanda ya san wannan, ita ta sani tana 'yar shekara goma sha uku.

"Da gangan na yi," in ji ta. "A shagonka na gani."

"To yaya zai sauko?"

"Ban sani ba, Baba. Lokacin na sani, yanzu na manta. Kai da kake makaniki, mi zai yi?"

Na ce idan ni ne, zan yanki igiyar takalmina da bakin rigata in murɗa, in fara daidaita ƙafar kafin in ɗaura, amma ba zai kai ni ƙasa ba sai na tsaya sau uku ko huɗu. Ta ƙura wa shafin ido. Na ɗauka za ta ce in ba ta fensir, akwai guda biyu da na fiƙe na ajiye a aljihu tun safe. Sai ta rufe littafin ta ce hannunta ya saba da rubutu a jikin kwalbar magani, sannan ta tambaye ni ko na sha maganin rana.

Washegari na sa mata littattafan a leda na ajiye a kan jakarta. Da motarsu ta tashi na koma ɗaki, na tarar da uku a kan katifata. Na huɗun babu. Wata biyar ke nan, ta kira Juma'a ashirin ko fiye, ba ta ambace shi ba, ni kuma duk lokacin da na buɗe baki zan tambaya sai ta riga ni da maganar gishiri.