Kawu Dakta da Jan Buhunsa

Ku da kuka san Kawu Dakta, kun san ba ya iya wuce layi. Ko na gidan mai ne, ko na masu jiran ƙosai a bakin kasuwar Daura, sai ya kafe tsohon babur ɗinsa, ya tura hula ƙeya, ya goya hannuwa a baya, ya ce, "To jama'a, a ina abin ya maƙale?" Ƙanin mahaifiyata ne. Shekara da shekaru yana koya wa ɗaliban babbar makaranta yadda kaya ke tasowa daga gona ko masana'anta har su isa hannun mai saye. Sai dai shi Kawu bai taɓa yarda darasi yana ƙarewa a ƙofar aji ba.

Ranar ɗaurin aurena, baƙi sun cika zaure, abinci ya ƙi fitowa. Kawu ya kasa daurewa. Sai ga shi tsulum cikin mata da babbar riga, ya tsaya a ƙofar madafa yana ba da oda: masu zubawa su koma nan, masu wanke kwanuka su matsa can.

"Rabi, wai a ina abin ya maƙale?"

Inna Rabi, matarsa, ta ɗago da muciya a hannu, gumi sharkaf. "A kanka, Dakta! Tun ɗazu 'yan mata ke tsaye bayanka da tire, ka tare ƙofa!"

Ya waiga, ya ga layin tire har bakin rijiya. "Madalla," in ji shi, "an gano matsalar." Ya fice yana gyara riga, kai ka ce lambar yabo aka ba shi.

Na masallacin unguwa kuwa, wayyo Allah! Ya daɗe yana jin haushin cunkoson neman takalma bayan sallame salla. Wata rana ya yi sauri ya riga kowa fita, ya jera su tsaf: silifa gefe guda, sau ciki gefe guda, manya a dama, ƙanana a hagu. Jama'a suka fito, babu wanda ya tarar da nasa inda ya bar shi. Liman kansa da wari daban-daban ya koma gida. Da aka yi wa Kawu ca, ko a jikinsa. "Tsarin lafiyarsa lau," ya ce, "ku ne ba ku halarci lacca ba."

Amma babu kamar labarin jan buhu. Kawu ya ƙuduri gano hannu nawa wake ke bi kafin ya shiga tukunya. Ya je wajen wani manomi a Baure, ya shafa wa buhu ɗaya jan fenti, ya ce duk inda buhun nan ya sa kai, nan zai sa ƙafa. Ɗalibansa suka bi shi a kan babura, shi kuwa ya ɗare saman lodin motar da ta ɗauki buhun, direba na roƙonsa, "Ranka ya daɗe, ga wuri a gaba!" Ya ce a'a, so yake ya ji abin da buhu ke ji.

A kasuwar Mai'adua dillali ya miƙa wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya miƙa wa wani, Kawu na biye. Ya tafi alwala, ya dawo, babu buhu babu dalilinsa. Ya yi cigiya har ya gaji. Ya dawo gida fuska duk ƙura, ya ƙi kula kowa. Bayan 'yan kwanaki ya leƙa ɗakin ajiyar hatsi, sai muka ji ihu.

"Rabi! Ina kika samo wannan?"

"Wajen mai awo na bakin titi mana. Ai binciken naka ka ci jiya da shinkafa, har ka nemi ƙari."

Wallahi har hawaye ya yi don murna. Washegari buhun ya ɗauka ya tafi da shi aji.

Da ciwo ya kwantar da shi, tsofaffin ɗalibansa suka riƙa zuwa daga Mashi, daga Katsina, wasu har da furfurarsu. Yana kwance yana yi musu tambayoyi kamar ranar jarrabawa. Wata la'asar ya ga ina share ido da mayafi, ya yafito ni.

"Uwani, in lokaci ya yi, kada ku ce za ku jira na nesa. Duk binciken da na yi a ƙasar nan, kaya ɗaya na ga ana kai shi kan kari ba a ɓata lokaci. Kada ku ɓata mini sakamako."

Na yi dariya ina kuka. Kuma ba mu ɓata masa ba.

Yanzu gidan ya yi mana faɗi. Babu mai shigowa yana yi mana lacca alhali tuwo na hucewa, mu da muke gudunta a da, yau nemanta muke ido rufe. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Inna Rabi haƙurin zama ba abokin faɗa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sada mu da shi a Aljanna.