Hoton Inna daga Madani zuwa Rusairis

Madani

Ana kiran assalatu na shiga hafila, wato ƙaramar bas, rungume da zanena. Ni mai ba da magani ne a asibitin ido, zane kuwa tun ina yaro nake fama da shi. Yanar ido ta rufe wa Inna, mahaifiyata da ke Rusairis, ido biyu, amma ta rantse ba ta zuwa asibiti, wai an ce ƙwaƙulo idon ake yi a wanke a kwano. Shi ne na zana labarin aikin daki-daki, da fuskarta a ciki, na ce bari in ga ko hoto zai yi abin da bakina ya kasa.

Sinnar

Muka tsaya cin ful, wato dafaffen wake, da shayi. Wata tsohuwa 'yar garin Mai Wurno da ke gefena ta karɓi takardun zanen ba ko sallama, ta yi ta juyawa.

"Ɗana, ina kwanon?"

"Babu kwano, Hajiya. Idon yana wurinsa."

Kafin mu tashi, zanen ya zaga motar kaf, ya dawo da maiƙo. Abin ya ba ni mamaki: shekara nawa ina wannan bayani, ba wanda ya taɓa yi mini tambaya sai yau.

Sinja

A shinge ɗan sanda ya buɗe jakata, ya tsaya karatu har direba ya fara huci. Da ya miƙo mini sai ya ce babansa ma haka yake, yaushe muke aiki?

Rusairis

Da la'asar muka haye kogi. Na tarar da Inna a tabarma, na durƙusa na gaishe ta, na ɗora mata takardun a cinya ina ji da kaina. Ta shafa, ta kai su har hanci.

"Kai Bello, mi ne wannan?"

"Ke ce na zana, Inna."

"Ka zana ma wadda ba ta gani hoto? Ina hankalinka?"

Wallahi sai lokacin abin ya faɗo mini. Maƙwabta kuwa suka taru suna ta shewa, wai ga Inna sak, har wushiryar.

Sai Inna ta ce, "Kowa ya gan ni ban da ni? Ɗauko mini taubina in yafa, mu tafi."

Komawa

Tare muka dawo Madani, aka yi aiki lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Da aka cire audugar ta ce a ba ta takardun. Ta daɗe tana kallo, ni ina share hawaye.

"Hancin nan," in ji ta, "ba nawa ba ne."