Ɓerayen Yaya a Rumfar Inna

Yanzu idan za a gabatar da yayana a taro, sai mai gabatarwa ya tsaya ya sha ruwa a tsakiya. Masana sinadarai sun ce nasu ne, masu binciken guba sun ce nasu ne, masu nazarin garkuwar jiki ma da rubuce-rubucensa suke kafa hujja. Ni kuwa da an fara wannan kirari, fararen ɓeraye nake tunawa a rumfar Innarmu a Gwandu.

Lokacin yana digirinsa na uku, yana kuma koyarwa a jami'a a Kalgo, aka shiga yajin aiki aka garƙame ɗakin gwaji, ya rasa inda zai ajiye ɓerayen bincikensa. Mai gidan da yake haya ya ce bai taɓa jin inda aka yi kiwon ɓera da gangan ba, kuma ba a gidansa za a fara ba. Sai Yaya ya loda keji biyu a mota ya kawo gida.

Binciken bai da wuyar faɗi. Maganin ƙwarin da ake barbaɗa wa wake a buhu yana taɓa hanta, yana raunana garkuwar jiki. Shi yana son ya gane ko ruwan zogale na rage ɓarnar. Ya ɗaura wa keji ɗaya jan zare, su za a ba maganin ƙwari kaɗan da ruwan zogale. Na baƙin zare kuma maganin ƙwari zalla. Bayan wata biyu a auna jini a ga bambanci. In babu sakamakon nan babu digiri, ga wa'adin da makaranta ta ɗiba masa ya kusa cika.

Ni ya damƙa wa aikin, wai malamar firamare ta san bin ƙa'ida. Kullum da safe in ɗura musu da sirinji in wuce makaranta. Sauran yinin suna hannun Inna, matar da ta yi shekaru tana bin ɓera da muciya. Sati bai cika ba na dawo na tarar tana yi musu fifita, wai baƙi ne, daga jami'a suka zo. Maƙwabta suka riƙa shigowa yi musu sannu da zuwa. Wata tsohuwa daga Dalijan har ƙuli-ƙuli ta riƙo musu, da ƙyar na tare.

Wata rana Inna ta tambaye ni dalilin zaren nan kala biyu. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, har ina jin kaina likita. Ta daɗe tana kallon na baƙin zare, sannan ta ce, “To.” Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san wannan “to” ɗin, amma na yi sakaci.

Wata biyu suka cika, Yaya ya ɗebi jininsu ya kai awo Birnin Kebbi. Ya dawo fuska babu annuri. Keji biyun babu bambanci, kowane ɓera lafiya sumul, har da ƙiba. Ya ce ni na rikita sirinji. Raina ya ɓaci, na ce ya je ya nemo farfesa ya yi masa renon ɓera kyauta. Muna cikin haka Inna ta fito daga madafi tana goge hannu.

“Bar ɗiyar nan, ni ta,” in ji ta. “Tun randa tag gaya min, da ta fita nika dafa zogale in ba na baƙin zare. Da nig ga na jan zare sun zura ido, nib ba su su ma.”

Yaya ya zauna a kan turmi. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma tausayinsa ya kama ni, don na san wahalar da ya sha kafin ya kawo nan.

“Inna, shekara guda kika cinye mini.”

“Kai da ƙanwarka, in na ba ku guba ku biyu, in ba ka magani in hana ta don in ga yadda za ta ƙare, mi za ka kira ni?”

“Ɓeraye ne fa, Inna.”

“Gidana sunka kwana.”

Ya tashi daga kan turmin. Da zai tafi ya sunkuya ya ɗauki keji ɗaya, ya dubi Inna, ya mayar ya ajiye. Ya koma Kalgo hannu rabbana, ya rubuta takardar roƙon a ƙara masa shekara.