Barista Abdulhafiz Jumare da Shari'ar Maƙabartar Bayan Dogo

Haihuwa da Asali

An haifi Abdulhafiz Jumare a shekarar 1948 a unguwar Hausawa ta Agege, cikin Ikko. Mahaifinsa Malam Jumare falken goro ne, ɗan wani saje da ya yi wa Turawa aikin soja ya ƙi komawa Arewa bayan an sallame shi. Mahaifiyarsa Hansai kuwa tuwo take sayarwa a bakin tashar jirgin ƙasa. Ya tashi da Hausa a gida, Yarbanci a titi, kuma tun yana ƙarami aka shaide shi da taurin kai, wanda Hansai ke cewa gadon kakansa ne.

Karatu

Ya sauke Alƙur'ani a 1961. Yana sakandare a 1966 Allah Ya yi wa mahaifinsa rasuwa, aka binne shi a maƙabartar Bayan Dogo, inda Hausawan yankin ke kai matattunsu tun zamanin Turawa, kuma shi da hannunsa ya kafa tsingaron tukunya biyu, ɗaya wajen kai ɗaya wajen ƙafa, kamar yadda ake yi wa kowa. Ya yi akawu a wata masana'anta a Ilupeju, sannan ya karanta shari'a, ya zama cikakken lauya a 1979.

Aure da Aiki

Ya auri Saratu, 'yar maƙwabtansu, a 1975. A 1984 ya kama aiki da Ƙaramar Hukumar Oke-Ireti, wadda maƙabartar ke cikin ƙasarta, ya zama lauyanta. Shi ke tsara dokokin kasuwa da na 'yan okada, shi ke tsaya mata a kotu. Kantomomin zamanin soja sun sha fama da shi, don mutum ne da ba ya iya cewa to idan doka ta ce a'a, har wani daga cikinsu ya mayar masa da ofishinsa ɗakin ajiye tsintsiya. Ko a jikinsa.

Shari'ar Maƙabarta

Da aka koma mulkin farar hula a 1999, sabon ciyaman da kansilolinsa suka ƙudurta mayar da Bayan Dogo tashar danfo, wato ƙananan motocin bas na haya. Hujjarsu, don Allah a ji, wai safiyo ya zagaya bai ga kabari ko ɗaya ba, sai ciyawa, tunda babu siminti, babu dutse mai suna. Alhali kowa ya san Bahaushe ba ya gina kabari: ƙasa ce ake tarawa, ruwan Ikko ya kwantar da ita, haki ya rufe. Ciyaman ya nemi Barista ya tabbatar wa majalisa cewa wurin daji ne a idon doka. Ya amsa masa a gaban kowa da cewa, "Oga, ubana na kwance a dajin nan naka. Nemi wani lauyan."

A farkon 2000 ya ajiye aiki, ya maka hukumar da ya yi wa hidima a kotu a madadin jama'ar unguwa, ya samo umarnin dakatar da katafilar da za ta share wurin. Daga nan wahalar ta fara, kuma abin haushi, daga gida ta fara. Dattawa ƙarƙashin Alhaji Baballe, shugaban kwamitin masallaci, suka kawo shawarar a yi maza a zuba siminti a rubuta sunaye kafin alƙali ya zo ganin wurin. Barista ya ƙi ƙememe. "Baba Alhaji," in ji shi, "in muka kafa dutse yau, mun yarda ke nan jiya babu kowa a ƙasa. Kuma wa zai rantse wane ne a ina? Ba zan kai ƙarya kotu da sunan iyayenmu ba."

Lauyan hukuma kuma ya nemi a tona, in da gaske akwai mutane. Nan ma ya tsaya kai da fata cewa ba a tone Musulmi don a gamsar da mai neman tasha. Sai ya zama ya hana siminti, ya hana tono, mutanensa suka ce ya bar su hannu wofi. Wasu suka ce an saye shi, wasu suka daina amsa sallamarsa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma bai janye ko kalma ɗaya ba, ana ta ɗage shari'a yana ta komawa.

Rashin Lafiya da Rasuwa

A ƙarshen 2001 ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya miƙa shari'ar ga babbar 'yarsa Nazifa, wadda ita ma lauya ce. Wasiyyarsa gajera ce: a kai shi Bayan Dogo kusa da mahaifinsa, kada a sa masa siminti, kada a rubuta suna.

Ya rasu a watan Agusta 2002 yana da shekara hamsin da huɗu. Ma'aikatan hukuma sun tare hanyar maƙabarta, amma da suka ga jama'a, Hausawa da Yarabawa, suka ja gefe. Alhaji Baballe ne ya kafa tsingaron biyu yana hawaye.

Bayan 'yan makonni alƙali ya zo ganin wurin, Nazifa ta kai shi gaban sabon kabarin lauyan da ya sha tsayawa a gabansa. Tarin ƙasa ne da tsingaro, har ruwa ya fara kwantar da shi, bai bambanta da ɗaruruwan da ke kewaye ba sai da ɗanyantaka. A watan Nuwamba kotu ta yanke hukunci cewa Bayan Dogo maƙabarta ce, babu mai taɓa ta.

Ya bar matarsa Hajiya Saratu da 'ya'ya huɗu: Barista Nazifa, Jamaluddeen, Sharif da Fareeda. A yau ko su ba sa iya nuna takamaiman inda yake kwance, sai su tsaya daga baki su yi wa kowa addu'a. Allah Ya jiƙansa, haka ya so.