Hular Sabon Shugaba

Har in bar aikin nan ba zan manta da Litinin ɗin da aka kira ni 'yar tawaye saboda hoto ba. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara.

Lokacin ina mataimakiyar jami'in kwamfuta a wata kwaleji mai zaman kanta nan Daura. Sai da na yaye 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, har na kai ga difloma, saboda haka ba na wasa da kujerata. Shafin kwalejin na intanet kuwa nauyi gare shi. Ɗalibi daga Dutsi zai buɗe shi don duba sakamako, datarsa ta ƙare bai ga komai ba.

Dalilin shi ne saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin. Duk wanda ya nemi hoto ko takarda sai ta koma can ƙasan faifai ta ɗauko. Na buɗe mata ma'ajiyar kusa: abin da ake yawan nema ta riƙe shi a hannu, kamar mai shagon da ke ajiye sukari kan tebur maimakon sito. Na tsara sai bayan mako ta leƙa ko wani abu ya sauya. Na kuma gaya wa sakatare, Malam Sabi'u, duk ranar da zai canja wani abu ya sanar da ni. Shafi ya koma kamar walƙiya. Ba wanda ya ce mini sannu.

Bayan Babbar Sallah aka yi sabon shugaba. A ofishinmu kowane shugaba sunan hotonsa a kwamfuta "oga", suna ɗaya ba ya canjawa. Malam Sabi'u ya ɗora sabon oga kan tsohon oga, bai ce mini uffan ba. Saba kuwa ta ci gaba da miƙa wa duniya fuskar tsohon, yana murmushi, sunan sabon a ƙarƙashinsa. Kuma cikin sauri.

Shugaba ya sa aka kira ni.

"Hajiya Talatu, ashe har yanzu tsohon shugaba kike yi wa aiki? Reshenmu na Mashi yana neman mai kula da rajista."

"Ranka ya daɗe, mutumin da ya hana ni hutun haihuwa zan yi wa kara? Injin ne ya riƙe abin da ya saba gani."

"To wa ya koya masa riƙo?"

"Ni, don ɗalibai su huta."

"Ki sa ya manta. Kada ya ƙara tuna kowa."

Na ce share hoto ɗaya ya wadatar, ba sai an rufe ma'ajiyar ba. Ya ce shi ba shawara ya nema ba. Na dubi hanyar Mashi a raina, na dubi 'ya'yana, na je na rufe. Shafi ya koma gidan jiya. A taron ma'aikata aka yabe ni da gyara matsala cikin gaggawa, yabon farko da na samu a wurin.

Abin da na koya: kafin ku sa injin ofis ya yi sauri, ku duba fuskar wa zai nuna. Yanzu in ka buɗe shafin, hoton shugaba daga sama yake sauka a hankali, har data ta ƙare. 'Yar ƙanwata a Dutsi ta ce ita dai hularsa ta sani, kuma wallahi hula ce mai kyau.