Dogo Ɗaya Bai Ishe Mu Ba

Malam Edita, a shekarar da aka samu 'yancin kai ni akawu ne a Sakkwato, matashi mai kaifin baki, kuma kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta ma'aikata. Fili ɗaya tal muke da shi, kullum mu da ƙungiyar malaman makaranta cikin rigima a kansa. Da manya suka gaji da mu sai suka yanke a buga wasa guda: wanda ya ci filin nasa ne, wanda aka ci ya nemi wani abin yi.

Dogaye biyu gare mu masu tsaron gindin kwando. Na farko ɗan wani falken shanu ne, in ya ɗaga hannu ba ƙwallon da ke wucewa. Na biyu tela ne, shi ma dogo, amma wallahi ko ƙasa ka sauko masa da kwandon sai ya kuskure. Abin na ƙona min rai! Abokan wasa suka yi ta ba ni baki, wai aikinsa tarewa ne ba jifa ba, a bar shi saboda wata rana. Na ce dogo ɗaya ya ishe mu, na kuma gaya wa telan a bainar jama'a ya koma kan kekensa. Ya ɗauki takalminsa ya wuce.

Saura kwana uku wasa, uban dogonmu ya ce masa ya kora garke zuwa Kurmi, a ƙasa, tafiyar wata da watanni. Na ruga gidan, na durƙusa, na yi ta zuba bayani. Tsohon ya saurare ni tsaf, sannan ya tambaye ni ko shanu ne za su tsaya jiran ƙarti su gama wasan yara. Ɗan kuwa ko kai bai ɗaga ba, don a gidan nan ba a musu da uba. Na haɗiye girman kai na nufi shagon tela. Ya tarbe ni da fara'a, ya ba ni ruwa, ya ce ɗinki ya yi masa yawa, kuma ai ni na turo shi.

Ranar wasa ni na tsaya gindin kwando, ni ɗan gajere. Malaman nan suka yi ta zuba ƙwallo ta saman kaina, 'yan kallo na ihu wai a kawo min turmi in taka. Kai, na ji kunya! Aka lallasa mu, aka karɓe filin, ƙungiya ta watse.

Har yau haushin kaina nake ji, ba na tsohon ba. Duk mai riƙe da ƙungiya, don Allah kada ya raina mutumin da ke zaune a benci, ranarsa ce ba ta zo ba. Mu goma sha biyu ne, duk muna son wasan nan, kuma saboda bakina babu wanda ya sake taɓa ƙwallo a cikinmu.