Baƙin Gonar Albasa

Ranar Talata ce, da ƙarfe huɗu na yamma, ina zaune a ƙofar gida tare da matata, ina nuna mata cewa kujerun da ta jera ba su yi daidai da bango ba, sai aka kira ta a waya: jandarma sun tafi da ƙanenta.

Ƙanen nan nata manomin albasa ne a Madekali, mutum mai furfura, amma bai taɓa auna magana kafin ya sake ta ba. Yana haƙa rijiyar ban ruwa a gonarsa, sai ya tono wani kai na yumɓu, mai dogon wuya da idanu zuru-zuru, babu kunne ko ɗaya. Da ma ya saba kallon bidiyo a waya, inda ake cewa wasu halittu daga taurari sun ziyarci duniya tun zamanin da. Nan take ya aika wa abokansa na kasuwa saƙon murya: "Baƙi sun sauka gonata, ga kan guda a hannuna!"

A gari irin namu, inda gada ce kawai tsakaninmu da wata ƙasa, ba a wasa da kalmar baƙi. Saƙon ya yi ta yawo har ya kai ga jandarma. Shugabansu mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa, kuma wanda ya fassara masa saƙon ya fassara shi kalma da kalma.

Matata ta ce, "Malam, tashi. In ba ka tahi ba, can za shi kwana."

Na sa hulata, na goge takalmina, na tafi.

Na sami surukin nawa a ofishin jandarma, zaune a kan benci, kan yumɓun yana bisa tebur a cikin buhun taki. Yana ganina ya ce, "Yaya, gaya musu! Baƙin sama nika nuhi, ba na ƙetare ba!"

Na ce, "Rufe bakinka. Shi ya kawo ka nan."

Fadan da ya koyar da mu Faransanci a makarantar mishan ba ya yafe kalmar da aka ajiye ba a mazauninta ba, kuma ban taɓa ganin amfanin horonsa kamar ranar nan ba. Na bayyana wa shugaban cewa bakin Bahaushe yana kiran wanda ya zo daga Gaya, can ƙetaren gada, baƙo, yana kiran wanda ya zo daga duniyar wata baƙo, alhali Faransanci ya ba kowannensu sunansa. Na ƙara da cewa kan da ake magana a kansa, ga shi nan a buhu, ƙasa ce aka gasa.

Shugaban ya buɗe buhun, ya daɗe yana kallon idanun nan. Ya ce, "To, yaushe baƙin suka sauka?"

Surukina ya ce, "Ranka ya daɗe, sun jima ƙwarai. Ko kakana bai ishe su ba."

Na fassara wannan ma daidai, ban rage ba. Shugaban ya yi dariya har ya riƙe tebur. Sannan ya tambaye ni, ni wa nake ganin ya ƙera shi. Na ce hannun mutum ne, domin ga sawun babban yatsa a ƙeyarsa. Amma wane mutum, a wane zamani, ban sani ba, kuma ba na faɗin abin da ban sani ba.

Surukina ya ce, "Su ma ai suna da yatsu, Yaya."

An sallame shi kafin magariba. An riƙe kan domin masana su duba.